Babban Wili da Siririyar Taya: Me Ya Sa Mota Ke Ƙara Kyau Amma Ta Daina Daɗin Shiga?

A bazarar bara, da yayana ya fitar da masarar da ya ajiye tun kaka ya samu kasuwa, sai ya ɗauki Corolla ɗinsa ƙirar 2007 ya nufi Kano. Ya bar Karfi da baƙin wili na ƙarfe mai inci 15, irin wanda ake rufewa da murfin roba, ya dawo da na aluminiyam mai inci 18 yana ɗaukar ido, an ɗaura masa siririyar tayar nan da masu sayarwa ke kira lo-furofayil. Ba zan ɓoye ba, motar ta yi kyau. Ni ne ma na fara ɗaukarta hoto na ɗora a WhatsApp.

Wadda ta fara ƙorafi ita ce Inna. Tana fama da ciwon baya, kuma a motar ake kai ta ganin likita a Malumfashi. Ranar farko da ta shiga bayan canjin, ba a yi nisa ba ta dafa kujerar gaba ta ce, "Kai yaron nan," don ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, "me ka yi wa motar nan? Da kamar mutum yana kan katifa, yau kuwa sai ka ce amalanke." Yaya ya ce ai hanya ce ta ƙara lalacewa. Alhali hanyar ita ce dai wadda suka bi sati biyu da suka wuce, ko yayyafi ba a yi a kanta ba.

Da damina ta zauna sai maganar ta wuce ta jin daɗi. Yana dawowa daga Funtua bayan magariba, ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Wilin gaba na dama ya tsage, iska ta fice nan take. Ya tsaya a bakin hanya cikin duhu yana ɗaura safaya da fitilar waya, kuma duk wanda ya san halin tsaro a yankinmu ya san wannan ba tsayuwar da mutum zai so ba ce. Allah ya tsare, ya iso gida lafiya. Ramin nan kuwa Golf da Sharon na haya tun safe suke faɗa masa suna wucewa, da fasinja da buhuna.

Ni ba bakanike ba ne, manhaja nake rubutawa. Amma a aikinmu, idan abu yana tafiya lafiya sai aka canza layi ɗaya ya rikice, to layin nan za ka fara dubawa kafin ka zargi kwamfuta. Haka na yi da motar Yaya.

Lambobin da ke jikin tayarka

Mai karatu, ka tsuguna ka duba gefen tayar motarka, za ka ga rubutu kamar haka: 195/65 R15. Wannan ita ce lambar tayar da Yaya ya cire. 195 shi ne faɗin tayar da milimita. 15 shi ne girman wilin da take hawa, da inci. Harafin R yana nufin radiyal, wato yadda aka jera zaren da ke cikin robar, ƙirar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, kuma yau kusan duk tayar ƙaramar mota irinta ce.

Lambar tsakiya, 65, ita ce kowa ke tsallakewa, kuma duk zancen yana wurinta. Ba milimita ba ce, kaso ne. Tana gaya maka tsayin bangon taya, wato gefen nan na roba daga inda ta kama wili zuwa inda take taka ƙasa, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗinta. Lissafin ko da kalkuletar waya za ka yi shi: 195 sau 65, a raba da 100, ya ba ka milimita 126.75. Sabuwar tayar da Yaya ya sa 225/40 R18 ce: 225 sau 40, a raba da 100, milimita 90. Ke nan ya zubar da kusan milimita 37 na roba da iska a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Idan kana son tsayin tayar gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ka ninka bangon sau biyu, ka haɗa da girman wilin bayan ka mayar da shi milimita, inci ɗaya 25.4 ne. Ga yadda yake fitowa a kan girma huɗu da za su iya hawa mota ɗaya:

195/65 R15: bango 127, tsayi 635
205/55 R16: bango 113, tsayi 632
225/45 R17: bango 101, tsayi 634
225/40 R18: bango 90, tsayi 637

Ka lura, tsayin bai motsa ba sai da 'yan milimita. Wurin da aka bar wa taya a jikin mota ƙayyadadde ne, don haka duk incin da wili ya ƙaru, daga bango aka yanko shi. Motar ba ta ƙara tashi daga ƙasa ba, ƙarfe ne kawai ya cinye wurin iska.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, har da ni da farko. Babbar taya daban, babban wili daban. Babbar taya, wato mai tsayi gaba ɗaya, ta fi iya haye rami. Shi ya sa tarakta ke bin kunyoyin gona ba ta damu ba, A Daidaita Sahu kuwa da wilinta mai inci 8 kowane ɗan rami sai ta zurma. Hilux mai 265/65 R17 wilinta inci 17 ne, amma bangon tayarta milimita 172 ne, kusan ninki biyu na wanda Yaya ya sa. Saboda haka idan wani ya ce maka "ai Hilux ma 17 take sawa", gaskiya ya faɗa, sai dai ba ta da alaƙa da Corolla ɗinka.

Taya ce ke fara karɓar duka

Ka ɗauki misali da rigar waya. Akwai mai kaurin roba wadda ke sa waya ta yi muni a aljihu, akwai kuma siririya mai sheƙi. Ranar da waya ta suɓuce ta faɗi kan siminti ake sanin wadda ke aiki.

Tsakanin hanya da ƙashin bayanka akwai matakai uku: taya, sai sifirin da shokazoba, sai soson kujera. Yawancinmu mun ɗauka sifirin da shokazoba ne ke yin komai. Su aikinsu manyan motsi ne masu ɗan jinkiri, kamar hawa tudun rage gudu ko gangarawa kwari, inda jikin mota ke lilo sama da ƙasa kamar sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sakan. Amma yawancin abin da ke kan hanyoyinmu ba irin wannan ba ne. Tsakuwa ce, da bakin facin kwalta, da gefen kwalbati, da gargadar hanyar burji da ruwa ya zaizaye.

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a sakan ɗaya. Inda taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba sosai. Ke nan idan ta taka dutse, duk abin yana faruwa ne a cikin kamar kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Shokazoba ba ta da wannan saurin. Yadda aka ƙera ta ma, duk yadda aka tura ta da sauri haka take ƙara turjewa. Wanda zai iya haɗiye irin wannan dukan shi ne roba da iska. Taya mai dogon bango tana lotsawa ta rungume dutsen ta wuce, wili bai ma san an yi ba. Mai gajeren bango ba ta da wurin lotsawa, kuma da gangan aka ƙara wa bangon nata tauri don ya iya ɗaukar nauyi, sai ta miƙa dukan ga wili, wili ya miƙa wa ƙafar mota, ƙafa ta miƙa wa jiki da sitiyari da kujera.

Masu bincike kan girgiza sun daɗe da gano cewa jikin mutumin da ke zaune ya fi jin girgizar sama da ƙasa idan tana zuwa kamar sau 4 zuwa 8 a sakan. Wannan yana cikin ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 2631. Lafiyayyen matashi zai ji gajiya kawai bayan doguwar tafiya. Tsohuwa mai ciwon baya, ko mace mai tsohon ciki, ko wanda aka yi wa aiki ana mayar da shi gida, su lamarin a wurinsu ya fi gajiya. Kuma direba shi ne na ƙarshen ganewa: yana riƙe da sitiyari, yana hango ramin yana shirya jikinsa, ga shi kuma shi ya biya kuɗin wilin. Wanda ke kujerar baya ba ya ganin komai sai dai ya ji.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa don adalci. Mafi yawan taurin taya daga iskar da ke cikinta yake zuwa, don haka ko tayarka mai dogon bango ce, idan aka ɗura mata iska fiye da ƙima za ta koma kamar dutse. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke so a geji mai ma'aunin PSI, kuma kamfani ya rubuta adadin a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar 44 ko 51 da za ka gani a jikin taya ita ce iyakar da bai kamata a wuce ba, ba ita ce adadin da za a sa ba. Sau da yawa a wurin mai faci sai a danna taya da yatsa ko a buga ta da ƙarfe a ce "ta yi", ka je ka auna ka tarar ta haura 45. Siririyar taya ta fi shan wannan wahalar, domin ko da iskarta daidai take kallon farko za ka ɗauka ta sace, sai a yi ta ƙara mata. Idan motarka na dukanka alhali ba ka canza wili ba, ka sayi ɗan gejin dijital ka auna da safe kafin tayar ta yi zafi. Ta yiwu maganin ke nan, ba ka kashe ko kwabo a gareji ba.

Nauyin da sifirin bai ɗauka ba

Jikin mota da injin da fasinja duk a kan sifirin suke zaune. Amma wili da taya da birki suna ƙasa da sifirin, su ne ke tsalle suna bin duk wani tudu da kwari. Duk wanda ya taɓa shiga gona da takalmin ruwa a watan Agusta ya san yadda ƙafa ke yi idan laka ta kama takalmin: tafiyar ba ta canza ba, amma ɗaga ƙafar da sauke ta ya zama aiki. Haka ƙafar mota take. Idan ta yi nauyi, duk dukan da ta kai sama ya fi ƙarfi, kuma shokazoba ta fi wahalar dawo da ita ƙasa.

Mai sayarwa zai ce maka aluminiyam ya fi ƙarfe rashin nauyi. Idan girmansu ɗaya ne, yana iya zama haka. Amma wili mai inci 18 ya fi mai 15 faɗi da tsayi, tayarsa ma ta fi faɗi, kuma irin masu arahar da suka cika kasuwanninmu zubi ne mai kauri. Na ɗaga na Yaya na ɗaga safayarsa mai 15, ban buƙaci sikeli ba.

A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya ta gwada mata wili daga inci 15 har zuwa 19. Daga 15 zuwa 19, nisan da motar ke yi da mai ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, saurin tashinta ma ya ɗan ragu, duk da cewa riƙon hanya a kwana ya ƙaru. Kashi 10 na nufin cikin kowace lita goma ka yi kyautar kusan ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ban san wanda zai ce wannan ƙaramin abu ba ne.

Dukan da taya ta ƙi haɗiyewa kuma ba ya ɓacewa. Boljoyin da tayarod da bushin da boris su ke shanye shi, sannan ƙofofi da gaban mota su fara ƙarar da da ba su yi.

Abin da ke faruwa a cikin rami

Idan taya ta faɗa rami, ba faɗawar ce ke ɓarna ba, karo da bakin ramin na gaba ne. Kaifin kwalta yana danna tayar ciki. Idan akwai isasshen fili, iska za ta tare shi. Idan babu, bangon zai naɗe ya matse tsakanin kwalta da leɓen wili kamar yatsa a bakin ƙofa.

Kuma milimita 90 ɗin nan ba duka ba ne fili. Leɓen wili kansa ya rufe kusan 17 daga ciki. Kaurin robar da ke taka ƙasa ya ci nasa, nauyin mota ya riga ya lotsa wani kaso tun tana tsaye. A ƙiyasina, idan ka cire kamar 50 daga kowacce, tsohuwar tayar Yaya tana da saura kusan 77, sabuwar kuwa 40. A takarda ya rage ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, amma a bakin rami kusan rabi ya rage. Wannan shi ne bambancinsa da Golf ɗin haya.

Sakamakon iri uku ne. Ko zaren cikin bango ya tsinke, bayan kwana biyu ka ga ƙulu ya fito a gefen taya kamar ƙwai. Wannan ba ya faci, kuma yana iya fashewa kana cikin gudu, musamman da zafin bazara. Ko wili ya ɗan lanƙwashe, tunda tayoyin yanzu ba su da tif, leɓen wili ne ke riƙe iska, sai ka ga kullum da safe ta sace, sitiyari kuma na rawa idan ka kai 80. Ko kuma ya tsage gaba ɗaya. Wilin ƙarfe idan ya lotsa, mai faci zai buga shi da guduma ya kai ka gida. Na zubin aluminiyam ba ya son duka. Da Yaya ya kai nasa washegari, mai facin ya juya shi ya ce, "Maigida, wannan ba aikin guduma ba ne. Ana yin walda, amma ni ba zan ɗora iyalina a kai ba."

Ko cire siririyar taya daga wili ma matsala ce a ƙauye. Bangonta ya yi tauri, sai da inji. Idan aka sa mata ƙarafan hannu, ko a yaga bakinta ko a kankare wilin. Sannan ga neman madadi. 195/65 R15 kusan duk inda ake sayar da taya za ka same ta, don ita ce ta motocin haya. 225/40 R18 kuwa sai ka kira Funtua, in ba a dace ba Kano ko Kaduna. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Wanda kuɗin sabuwar 18 ya gagara sai ya koma ga ta Beljiyam, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Idan ka tsinci kanka a nan, aƙalla ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019 aka ƙera ta. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba.

Akwai kuma lambar da ta shafe mu mu mutanen noma kai tsaye. Bayan girman taya za ka ga wani abu kamar 91H. 91 ɗin nan lambar lodi ce, ma'anarta taya ɗaya na ɗaukar kilo 615. Taya 225/40 R18 iri biyu ce a kasuwa: mai 92 da aka rubuta wa XL, mai ɗaukar kilo 630, da mai 88, wadda iyakarta 560. Idan mai 88 aka ɗaura maka, ka rasa kilo 55 a kowace ƙafa, 220 a ƙafa huɗu, fiye da buhun masara biyu. A Karfi kuwa babu motar da ake raga wa da kaka, ko ta ango ce sai ta ɗauko buhu.

To me ya sa kamfanoni suke yi?

Ba don ado kaɗai ba. Gajeren bango ba ya lanƙwasa gefe, don haka da ka juya sitiyari mota take amsawa, kuma a kwana ba ta yin lilo. Babban wili yana ba da wurin sa babban faifan birki, abin da mota mai nauyi ko mai gudu ke buƙata. A tseren motoci abin ya samo asali. Tayar Pirelli P7 ta shekarun 1970 tana cikin waɗanda suka fito da shi kan titi, a jikin motoci irin su Porsche. Motocin yanzu sun fi na da nauyi, masu lantarki kuma batir ya ƙara musu, shi ya sa inci 18 da 19 suka zama ruwan dare. Duk da haka a motocin lantarki, idan ka zaɓi wili mafi girma, nisan da caji ɗaya ke kai ka yana raguwa, kuma kamfanonin da kansu suke rubuta hakan.

Abin lura shi ne, idan kamfani ya fito da mota da babban wili, ya auna sifirin da shokazoba da bushin ɗinta a kan wannan wilin. Gasar Formula 1 ta bar inci 13 ta koma 18 a 2022, kuma sai da injiniyoyi suka sake ƙirar ƙafafun motocin, domin a da bangon taya ne ke yin babban kaso na aikin sifirin. Idan su da duk kuɗinsu ba su iya canza wili kaɗai su bar sauran ba, ban ga yadda za a yi a bakin kasuwa cikin awa ɗaya ba.

Dattawanmu har yau suna yabon Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna cewa ba a sake yin mota mai taushinta ba. Ƙafafunta masu dogon lilo ne, gaskiya, amma ka tuna wilinta inci 14 ne kacal, sauran duk roba ce da iska.

Ka auna da wayarka

Lokacin da Inna da Yaya ke musu, na ce a bar waya ta yi hukunci. Kowace wayar zamani tana da na'urar jin motsi, wadda ke juya allo idan ka kwantar da ita. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ce ta yi ta, tana kan Android da iPhone. Tana zana maka motsin a layi, kuma za ka iya fitar da bayanan ka buɗe a Excel.

Na kwantar da wayar a ƙasan kujerar baya na danne ta da salatif don kada ta yi tsalle. Muka zaɓi wani yanki na hanya daga wata bishiya zuwa wata kwalbati, Yaya ya riƙe gudun 40, ni ina baya. Muka yi sau uku. Bayan ya koma inci 15 muka maimaita a wuri ɗaya da waya ɗaya. Inda kwalta take sumul, zanen biyu sun yi kama sosai, abin da ya ba ni mamaki. Bambancin ya fito ne a bakin faci da tsagin hanya: da 18 layin yana harbawa sama kamar tsinin mashi, da 15 kuwa tudun ya fi gajarta ya fi faɗi. Ba gwajin ɗakin bincike ba ne, tayoyin ba kamfani ɗaya ba ne kuma damina ta taɓa hanyar a tsakani. Amma ya nuna mini dalilin da mutumin Abuja zai rantse cewa 18 ba ta da matsala, Inna kuma ta rantse tana da ita, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Idan za ka gwada, ka bar wani ya riƙe wayar, kada direba ya taɓa ta.

Idan ranka ya riga ya biya

Ba na cewa kowa ya zauna da baƙin wili. Idan kyau kake so, mafi sauƙi shi ne ka sayi na aluminiyam mai girman naka na asali. Ka samu adon, ba ka taɓa bango ba. Idan sai ka ƙara, inci ɗaya ya isa, kamar daga 195/65 R15 zuwa 205/55 R16, girman da Toyota da kanta ta sa wa wasu Corolla na bayan 2009. A ra'ayina, motar da za ta riƙa barin kwalta tana shiga ƙauyuka, kada bangonta ya sauka ƙasa da milimita 110, kuma duk lambar tsakiyar da ta gaza 55 ka yi lissafi kafin ka biya.

Ka kula da tsayin gaba ɗaya, kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Wani lokaci mai shago ba shi da girman da ya dace, sai ya ɗaura abin da ke hannu. Da 225/45 R18 aka sa wa Yaya, tsayin zai kai kusan 660, allon gudu zai nuna 100 alhali yana 104, kuma da lodi taya za ta riƙa gogar jikin mota. Da 215/35 R18 ce, tsayin zai sauka zuwa 608, cikin motar ya matso ƙasa da kusan milimita 13, ga tukunyar baƙin mai a wurin. Ka tabbatar ramukan kusoshi sun zo daidai ba tare da an fafe su ba, domin na Corolla irin ta Yaya ba ɗaya ba ne da na Camry duk da kowanne biyar ne. Wanda kuma ya sayo mota da babban wilinta yana so ya rage, ana yi, amma a fara gwada ƙaramin a ƙafar gaba a ga bai taɓa birki ba.

Kuskuren da ya fi ci wa Yaya kuɗi shi ne barin tsofaffin wilinsa a Kano da sunan musaya, a farashin da bai taka kara ya karya ba. Da zai koma 15 sai da ya sake sayen huɗu da tayoyinsu. Uku masu lafiya daga cikin na 18 ya sayar wa wani matashi da ke zaune a cikin garin Kaduna, bayan ya gaya masa duk abin da ya faru. Na huɗun, wanda ya tsage, yana nan a tsakar gida, Inna ta ɗora randarta a kai.